Iya Hure da Garin Taurarin da Ƙura Ta Rufe

A gidanmu wuta ba ta mutuwa. Sana'ar kakata turara shinkafa ce, kuma da ɓuntu take hura wutarta, wato ƙaiƙayin nan da injin casa ke zubarwa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure ya san halin wutar ɓuntu. Ba ta harshe, ba ta ƙara. Ka kalli samanta ka ga toka fara-fara kamar ta kwana uku da mutuwa, alhali cikinta ja wur yake. A bayan ɗakin Iya akwai tsibin ɓuntu da take kwashe ragowar wuta ta zuba a kai, kuma abu na farko da ake koya wa yaro a gidanmu shi ne kada ƙafarsa ta je wajen.

Iya Hure mahaifiyar babana ce. Gajeruwa ce, tafin hannunta duk kanta, zaninta kullum ƙamshin dafaffiyar shinkafa yake yi. Da an idar da sallar magariba sai ta zauna a kan kifaffen turmi kusa da rabin duron da take turara shinkafa a ciki, mu kuma jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya binne dankalinsa a toka. Ba ta cika maimaita tatsuniyoyin da kowa ya sani ba. Nata ƙirƙira take yi daga abin da ta ji da rana. In manoma sun yi rigima a bakin kanal kan wanda zai fara ban ruwa, da yamma za mu ji labarin kwaɗo da belbela suna shari'a a gaban kunkuru, kuma kowa ya san waye kwaɗon.

Shekarar da nake aji biyar na firamare, ana tsakiyar kakar tumatir, manyan motoci na ta lodin kwanduna a Kadawa, ƙanen babana Baffa Nasiru ya zo hutu daga jami'a. Shi ne autan Iya, kuma shi kaɗai ya yi karatu mai nisa a gidan. Ya zo da wata takarda a ninke cikin aljihu, wadda ya ce a shagon intanet ya buga ta a Kano. Da muka taru ya gyara zama ya ce, "Iya, yau ni zan yi tatsuniyar. Amma tawa gaskiya ce."

Ta ce, "To Auta, ko ƙarya ce ma ai mun saba da kai."

Ya nuna mana farin zanen nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi. Ya ce wannan garinmu ne na taurari, ranar da ke dukanmu a gona ɗaya ce kawai daga cikin mazaunansa, kuma irin waɗannan garuruwa ba sa ƙirguwa. Ya ce a tsakiyar manya-manyansu akwai wani baƙin rami mai nauyin da hankali ba zai ɗauka ba, duk abin da ya matso kusa sai ya janye shi. Kafin abin ya faɗa sai ya yi ta juyi a bakin ramin yana ɗaukar zafi, har haskensa ya fi na duk taurarin garin a haɗe. Ya ce Turawa na kiran wannan haske kwesa.

Iya ta ce, "Kwasa? Ai kuwa sunan ya dace da shi, tunda aikinsa ke nan."

Muka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Baffa ya ce wasu daga cikin garuruwan nan nisansu ya kai a ce hasken da ake gani yau ya baro can tun kafin a yi ƙasar da muke zaune a kanta. Ya ce wani lokaci gari biyu ne ke karo da juna, ƙura da iska su hautsine, sabbin taurari su yi ta ɓullowa ta ko'ina, ramin ya samu abinci ya yi ta ci. Ƙurar sai ta lulluɓe tsakiyar garin gaba ɗaya, ta yadda wuta mafi ƙarfi a sararin sama tana ci amma mai hange ba ya ganin komai sai wani ɗan dishi-dishi.

Na ɗaga kai na kalli sama, sai na ji kamar ƙasa ta zame daga ƙarƙashina. Ni da na ɗauka taurari fitilu ne da aka jera mana. Babana, wanda ya tsaya a bakin zaure yana saurare, ya ce, "Subhanallahi," ya sake cewa, "Subhanallahi." Wata yarinyar maƙwabta ta fashe da kuka wai ramin zai zo ya haɗiye shanunsu. Ni kuwa dankalina ya ƙone a toka ban ko tuna da shi ba.

Iya ce kaɗai ba ta firgita ba. Ta ce, "Tsaya, Auta. In ƙura ta rufe shi, yaya aka yi suka san yana nan?"

Baffa ya kama hannuna ya kai shi saman tokar. Ya ce, "Zulai, kina ganin wuta?"

Na ce, "A'a."

"Me kike ji?"

"Zafi."

Ya ce, "To shi ke nan. Wutar tana gasa ƙurar, ƙurar tana fitar da ɗumi. Sai suka harba wani madubin hange sama wanda ɗumi yake gani. Da suka duba wuraren da ake zaton babu wani abin kirki, sai ga su nan birjik."

Iya ta ce, "Duk shekarun nan ba wanda ya gane?"

"Ba wanda ya duba ta wannan hanyar, Iya. Kowa haske yake nema."

Ya miƙa mata takardar. Wani jan ɗigo ne kawai a cikin baƙi, kamar an ɗiga manja a gindin tukunya. Ta riƙe, ta shafa da babban yatsa, ta ce, "Ikon Allah, ya yi kyau." Baffa ya yi dariya ya ce, "Iya, ai bayan takardar kike kallo," ya juya mata. Ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido. Aka wuce wurin.

Washegari da yamma muna zama ta ce, "Ku matso. Ta yau daga sama ta sauko, ko ƙasa ba ta taɓa ba."

Ta ce a can sama akwai wata tsohuwa, Mai Wuta ake ce mata, a tsakiyar garin taurari take zaune. Duk tauraron da zai fita aiki da magariba sai ya biya gidanta ya ɗebi garwashi. Wata rana wani gari ya taho a guje cikin duhu ya yi karo da nasu. Ƙura ta tashi. Ta kowa ta lafa, ta gidan Mai Wuta ta ƙi lafawa. Yau ta rufe mata bakin ƙofa, gobe ta rufe rumbu, jibi ko tafin hannunta ba ta gani.

Taurari suka ci gaba da zuwa. Sai su tsaya a bayan katanga su ce, "Mai Wuta, kin tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau," ta miƙo garwashi ta saman katanga. Tunda garwashi na fitowa, ba wanda ya taɓa zagayowa ya shiga. Ita kuma ba ta kira kowa ba, saboda ta san in an ji, za a ɗauko mata Mai Tsinke, wanda ke yawo gari-gari yana huda ƙura. Shi ne ya shiga gidan uwarta, ya huda, wutar gidan ta mutu har abada.

Iya ta sassauta murya. Ta ce a tsakar gidan kuma akwai ramin nan, Kwasa, kullum ƙara faɗi yake. Ya cinye tabarma, ya cinye tsintsiya, ya cinye akuya da igiyarta. Mai Wuta ba ta san inda bakinsa ya tsaya ba, sai ta riƙa ƙirga takunta, bakwai zuwa randa, tara zuwa murhu. Ran nan sai wata 'yar ƙaramar tauraruwa, jikarta, ta ce ita kam sai ta ga kakarta. Ta hau katanga, ta diro, ta nufi inda take jin muryar tsohuwa, a guje.

Iya ta yi shiru.

Muka ce, "Sai me, Iya?"

Ta ce, "Ban san ƙarshenta ba tukuna."

Muka kalli juna baki buɗe. Tunda muke ba ta taɓa barin tatsuniya a tsakiya ba. Na ce, "Iya, don Allah! Ta faɗa ramin?" Ta ce, "Ni zan tambaye ku. In ku ne taurarin garin, me za ku yi?" Wani ya ce zai koma wani gari. Ni na ce zan kunna wutata da ashana. Baffa Nasiru kuwa tafi ya yi, ya ce wallahi malaminsu ma bai iya bayanin nan kamar Iya ba, gyara ɗaya kawai zai yi, babu tsohuwa a ciki. Iya ta ce, "Haka ne, Auta." Ta tashi ta buɗe buhun da ta rufe duron da shi, ta sa hannu cikin tururi ta latsa ƙwayar shinkafa, ta ce ta yi.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar sakaliya, Umma na wajen shanya tana kwashe shinkafa, Baba na gona. Iya ta aike ni ɗebo ruwa a kanal, aka bar mata ƙanwata Nana, wadda ba ta cika shekara uku ba. Na dawo da bokiti a ka, ina shigowa ta ƙofar baya sai na hangi Nana tana bin wani ɗan tsako. Tsakon ya kewaye tsibin ɓuntu, ita kuma ta nufi tsibin kai tsaye. Iya na zaune ba ta fi taku goma da ita ba, fuskarta na kallon wajen sosai, idanunta a buɗe, tana tsince tsakuwa a faifai tana 'yar waƙarta.

Na ɗan tsaya, don na tabbata yanzu za ta daka mata tsawa. Ba ta yi ba. Na ƙwala kira, "Nana!" amma ƙafarta ta riga ta nutse a tokar.

Ihun yarinyar har yau yana kunnena. Amma abin da ya fi shi tsaya min shi ne Iya. Ta yi jifa da faifan ta miƙe a guje, hannuwanta biyu a gaba, ta nufi wajen rumbu, inda babu kowa. Ta yi karo da duro, ta faɗi, ta tashi tana lalube a iska tana cewa, "Ina take? Zulai, ina take? Ta wane gefe?"

Na fizgo Nana na tsoma ƙafarta cikin sauran ruwan bokitin. Umma ta shigo da gudu, Baffa ya fito daga zaure, ya ɗauko mashin ɗin Baba, shi da Umma suka tafi da ita asibiti a Kura. Aka bar ni da Iya a tsakar gida. Tana zaune a ƙasa, gwiwarta na jini. Na tsaya a gabanta daidai, ban yi magana ba. Ta kalle ni, ta kalli gefena, ta ce, "Zulai, kina nan?"

Sai abubuwa suka yi ta dawo min ɗaya bayan ɗaya. Yadda kullum za mu haye siririyar gadar kanal take dafa kafaɗata ta ce ƙafarta ce ke ciwo. Yadda ta daina zuwa kasuwar Bunkure ta ce hayaniya ta ishe ta. Yadda in baƙo ya yi sallama take jira ya ƙara magana kafin ta kira sunansa. Ni ce ke zura mata zare a allura, ni ce ke faɗa mata ko hadari ya haɗo, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Bayan magariba Baba, wanda ya bi su can daga gona, ya dawo daga asibitin tare da Baffa, ya ce an ɗaure ƙafar, za su kwana biyu a can. Ya durƙusa a gaban Iya kamar yadda ya saba, amma muryarsa ba ta saba ba. Ya ce, "Iya, Zulai ta ce kina kallon Nana ta shiga tokar."

Ta ce, "Fuskata ce ke kallonta."

Baffa ya ɗauko fitilar ƙwai ya matso da ita kusa. A tsakiyar kowane ido akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono. Shekaru muna zama da ita a gaban wuta ba wanda ya lura. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Na hagu tun shekarar da aka haifi Nana. Na dama ya bi shi bara. Ina gane rana da dare, ina ganin inuwar mutum in ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ke nan."

Baba ya ce, "Innalillahi. Kuma kike hura wuta? Kike ɗaga ruwan zafi? Iya, me muka yi miki da ba za ki faɗa mana ba?"

Ta ce wuta ba ta da wuya, fuska na jin ta, shinkafa kuma hanci da yatsa ke gane ta. Sannan ta ba mu labarin mahaifiyarta, wanda ko Baba bai taɓa jin sa duka ba. Ita ma yanar ido ce ta rufe mata gani. Wani mai magani da ke yawo ƙauyuka ya zo ya soki idon da wani siririn ƙarfe, Iya na budurwa ita ta riƙe mata kai. Kwana uku tana ganin haske, a na huɗu idon ya kumbura, daga nan ba ta sake gani ba. Aka ajiye ta a ɗaki, ana miƙa mata abinci, shekara goma sha wani abu, har ta rasu. Iya ta ce, "Na ce gara in lallaɓa a haka da a sa ni a ɗaki. Na ɗauka ni kaɗai abin zai ci."

Baffa Nasiru ya ajiye fitilar ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Ta faɗa mana. Shekaranjiya ta faɗa mana, ni kuma na yi mata tafi." Wannan ne karo na farko da na ga babban namiji yana kuka da sauti.

Baba ya ce daga yau ba ita ba wuta. Baffa ya ce a kai ta asibitin ido a Kano, aiki ne da ake yi kullum, ba irin na mai ƙarfen nan ba ne. Ta ƙi. Ta shiga ɗaki da kanta, ta yi kwanaki ba ta fitowa sai alwala, gidan ya yi tsit, yaran maƙwabta su leƙo da dankalinsu su koma. Ranar da aka sallamo Nana, Umma na sauke ta daga goyo ta rarrafa ta shiga ɗakin Iya ta haye cinyarta, ta ce a yi mata tatsuniya. Iya ta lalubo ƙafar ta shafa bandejin tun daga idon sawu har yatsu. Muna tsakar gida muka ji ta ce, "Auta! Gobe ka kai ni."

Ido ɗaya aka samu, na dama. Na hagu likita ya ce wata cuta ta riga ta shiga bayansa. Ranar da suka dawo, da tabarau baƙi a fuskarta, mutane suka cika gida ana barka. Ba ta kula kowa ba sai da aka miƙo mata Nana. Ta cire tabarau, ta ɗaga ƙafar zuwa haske, ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta ɗago ta kalli Baba ta ce, "Yaushe ka yi furfura?"

Ta koma turara shinkafarta, an kewaye tsibin ɓuntun da katangar ƙasa, tatsuniya ta dawo. Mun sha roƙonta ta ƙarasa ta Mai Wuta, sai ta ce wannan ta gaji da ita. Shekara shida ta ƙara a duniya.

Da ina yarinya na ɗauka darasin nata ne, wato kada mutum ya ɓoye ciwonsa. Sai da na girma na fara ganin rabonmu a ciki, kuma shi ya fi nauyi. Mu tara ne a gidan nan. Kowa na son ta, kowa na gaishe ta da safe. Amma muddin shinkafa na fitowa, tuwo na sauka, tatsuniya na zuwa da yamma, ba wanda ya ga dalilin ƙara tambaya. Baffa Nasiru, wanda yanzu yake koyar da kimiyya a wata sakandare, har yau yana turo min hotunan garuruwan nan a waya in an fitar da sababbi. Ya taɓa ce min masana sun gano cewa rufaffun ba 'yan kaɗan ba ne, ta yiwu ma sun fi waɗanda ake gani yawa. Na karanta saƙon a wurin aiki, sai na ga ina lissafa mutanen da na gaisar a makon na wuce.

Daminar da ta wuce na je gida. Baba na nan yana zuwa gona kullum, yana dawowa da alayyafo da albasa, yana tsokanar jikoki. Amma na lura tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya sau biyu yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, kuma ya koma yin barci a jingine da bango. Na same shi a zaure na zauna a ƙasa kusa da shi. Na tambaye shi jikinsa, ya ce tsufa ne. Na sake tambaya, ya ce in tashi in taya Umma aiki. Ban tashi ba. Muka zauna nan har kajin gidan suka manta da mu suka shigo suna kiwo a gabanmu.

Can ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Tun azumin bara. In na yi 'yar tafiya sai numfashi ya ƙi." Ya yi sauri ya ƙara da cewa kada in faɗa wa Umma, kuma da an gama dashen shinkafa zai je a duba shi.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko masa hularsa da babbar rigarsa, na ce asibiti za mu yanzu.